Jirgi a Sawakin, Tunkiya a Kambo

Akwai wani ma'aikacin gwamnati da mafi yawan mutanenmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira ba su san da zamansa ba, alhali sa hannunsa yana iya karya kuɗin rago a kasuwar Sinnar cikin kwana biyu. Shi ne babban likitan dabbobi na ƙasa. Shi ke magana da yawun Sudan a hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1924, kuma ƙa'idarta ita ce in annoba ta ɓulla a sanar cikin awa 24. Tambayar da nake so mu tauna ita ce: ranar da ya tabbatar cuta ta shigo garke, amanar wa ke wuyansa?

Mun ga wannan rana. A ƙarshen damina ta 2007, bayan ruwa mai yawa, zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓarke a jihohin Nilul Abyad da Sinnar da Jazira, kuma Jazira ce ta fi jin jiki. Zuwa Janairun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mamata fiye da 200. Cutar ta dabbobi ce tun asali. Sauro ke yaɗa ta, tumaki su yi ta ɓari, ƙananan su yi ta mutuwa, sannan ta tsallaka zuwa ga wanda ya yanka, ko ya feɗe, ko ya ɗauke ɗan da aka ɓarar da hannunsa. Ke nan tunkiya ce ya kamata ta fara ba da labari. Amma a waccan shekara sai da asibitocin mutane suka fara karɓar marasa lafiya kafin a ji tabbacin cutar a jikin dabbobi.

Kada mu yi saurin zagin mai kujerar, don kujerar da zafi. Ragunan Hamari da Kabbashi da ake lodawa a Sawakin zuwa Jidda suna cikin manyan hanyoyin da ƙasar nan ke samun kuɗin waje. Tun da cutar ta kashe mutane a Jizan da Yaman a 2000, Saudiyya ba ta wasa da sunanta: da an ambata sai ta rufe ƙofa, kamar yadda ta yi wa Sudan a Oktoban 2019. In ƙofa ta rufu, babban ɗan kasuwa yana da abin da zai jingina da shi. Makiyayin Kordofan da ya shekara yana jiran lokacin layya fa? Shi ma talaka ne, shi ma yana da 'ya'ya. Mai cewa a jinkirta, a sake gwaji a ɗakin bincike na Soba, kada a tada hankali a kan zato, ba lallai ne ya zama azzalumi ba.

Duk da haka ban yarda da shi ba. Asarar biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Kasuwa in ta rufe tana buɗewa. Ta 2019 watanni ta yi aka ci gaba da lodi. Matar da ke kambo, wato ƙauyen 'yan ƙwadago a bakin magudanar ruwa, wadda ta janye ɗan tunkiyar da ya maƙale, ta wanke hannu ta koma tuƙa tuwo, ita ba a buɗe mata komai bayan watanni. Kuma ba a tambaye ta ba. An ɗauki ranta an ɗora a sikeli da kuɗin waje, ba ta sani ba. Wannan ne ya fi damuna, fiye da lissafin riba da asara: mutum ya san abin da zai hana ki taɓa jinin nan, ya yanke shawarar ki zauna cikin duhu.

Ko ta fuskar ciniki ma, abin da Saudiyya ke saya ba rago kaɗai ba ne, har da takardar da ke cewa lafiyarsa ƙalau. Ranar da aka gane mai sa hannun yana duba fuskar minista kafin ya duba sakamakon gwaji, takardar ta zama ta ƙunsa gyaɗa.

Sai dai gaskiyar da aka aika Faris ba ta isa ba. Wasiƙa da Turanci, sanarwa da Larabcin ofis a Khartum, ina suka haɗu da tsohuwar da Hausa kawai take ji sosai? A aikinmu na rediyo mun san gargaɗin nan bai kai minti ɗaya ba: kada a yanka dabba mara lafiya, kada a taɓa ɓari da hannu tsirara, a tafasa madara, a kwana cikin gidan sauro. Ba mu da ikon ƙirƙirarsa da kanmu. Sai mai kujerar ya buɗe baki mu ɗauka.

Mu ma da namu laifin, a faɗi gaskiya. Akuya ta fara layi, sai a ce a kawo wuƙa kada ta zama mushe. Mai garke yana ɓoye wa likitan gunduma ciwo don tsoron a killace masa dabbobi ba diyya. Hujjarsa ita ce dai hujjar babban ofis, girma ne kawai ya bambanta. Shi ya sa nake ganin aikin babban likita ya haɗa da yi wa wannan mutum faɗan diyya da rigakafi a gaban ma'aikatar kuɗi. An taɓa yin irin wannan tafiya tare aka yi nasara: bushiya, wadda ta cinye shanun kakanninmu, an shelanta ƙarewarta a duniya a 2011, kuma da allura da rahoton makiyaya aka kai ga haka.

Yanzu yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya watsa ma'aikata, ya kora garkuna daga jiha zuwa jiha. Magudanan Jazira suna nan, sauro yana nan, damina kuma ba ta fasa zuwa.