Ƙoƙon Kai A Kan Fata: Nasiha Game Da Zanen Jikin Ƴan Got

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, a Turai akwai wata jama'a ta matasa da ake kira Got. Sun fito a Ingila wajen 1979 daga cikin wani salon kiɗa mai sautin baƙin ciki. A 1982 aka buɗe musu gidan rawa a Landan mai suna Batcave, wato kogon jemage. Tun 1992 suke babban taro a birnin Laifzig na Jamus. Tufafinsu baƙaƙe ne, kuma da yawansu suna zana jikinsu da allura da tawada, abin da Larabawa suke kira washmu.

Kowane zane da abin da suke nufi da shi. Ƙoƙon kan mamaci da akwatin gawa suna nuni da cewa kowa zai mutu. Agogon rairayi yana nufin kwanaki suna zubewa. Busasshiyar fure tana nufin kyau ba ya dawwama. Jemage da hankaka alamun dare ne da kaɗaici. Akwai kuma ank, wani gicciye mai zobe a kai, wanda mutanen Misira na zamanin Fir'auna suka riƙa a matsayin alamar rayuwa.

To, mu yi adalci. Mafi yawansu ba masu bautar Shaiɗan ba ne, kamar yadda ake yayatawa. Sun tashi cikin al'ummar da take ɓoye gawa, take gudun ambaton kabari, sai suka ɗora mutuwa a kan fatarsu. A nan sun hango gaskiya, domin addininmu ma ya kwaɗaitar da mu yawaita tuna mutuwa da ziyarar maƙabarta. Amma tunawar mumini tana kai shi ga tuba da biyan bashi da sada zumunci. Wadda ta tsaya a hoto, ado ce kawai ta zama.

Hukuncin zanen kuwa a fili yake. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin washmu da mai neman a yi mata, kuma malamai sun ce hukuncin ya haɗa da maza. Dalili shi ne canja halittar Allah, kamar yadda aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi. Jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Ga kuma cutarwa: allurar da ba a tsabtace ba tana ɗaukar ciwon hanta da sida. Lalle daban yake, domin a bisa fata yake zama, ya kuma goge. Shasshawar da wanzamai suke yi da gawayi kuwa, hukuncinta ɗaya da na Turai. Kada mu ga laifin wani mu manta namu.

Haramcin aiki bai halatta zaluntar mai shi ba. A 2007 wasu samari a garin Bacup na Ingila suka yi wa wata yarinya ƴar shekara 20, Sophie Lancaster, dukan da ya zama ajalinta, saboda shigarta ta Got. Wannan kisa ya fi kowane zane muni.

Saboda haka muna kira ga ƴan'uwanmu mazauna Turai: in wani daga cikinsu ya musulunta da zane a jikinsa, ku karɓe shi hannu biyu. Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi. Alwalarsa ta inganta, domin tawadar a ƙarƙashin fata take, ba ta hana ruwa isa. In cire zanen zai cutar da shi, tuba ta wadatar. Ku kuma iyaye, ku bayyana wa ƴaƴanku ma'anar abin da suke gani a wayoyinsu tun kafin su yi sha'awarsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.