Kaki a Filta, Wuta a Auduga

Abin yakan faru ne da sassafe, a tsakiyar Janairu, a kan babbar hanya a Jamus ko Poland. Tsohuwar motar dizal ta tashi lafiya lau, ta yi tafiyar minti goma ko sha biyar ko tari ba ta yi ba. Direba ya taka totur zai wuce tirela, ƙafarsa ta nutse, motar ta yi kunnen uwar shegu. Allurar gudu ta fara sauka, injin na fizga kamar mai shaƙuwa, da ƙyar ya lallaɓa gefen titi kafin ta mutu. Motar ja ta zo ta kai ta gareji mai ɗumi, ta kwana a can. Da safe bakanike ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi tana gurnani kamar ba ita ba. Ya duba nan, ya duba can, bai ga komai ba, domin mai laifin ya narke cikin dare.

Mai laifin kaki ne. Man dizal, wanda ake ce wa gas a Kano, gazuwal a Maraɗi, yana ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan kakin kyandir. Da ɗumi yana narke a cikin man, ido ba ya ganinsa. Idan sanyi ya kai wani matsayi sai ya fara daskarewa ƙwaya-ƙwaya, man ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan tsari, ƙwayoyin su taru a jikin takardar filta su toshe ta. Muddin injin na aiki a tsaye, ɗan abin da ke tsiyayowa ya ishe shi. Ana neman ƙarfi, sai yunwa ta kama shi. Shi ya sa motar kan tashi a ƙofar gida ta je ta mutu a hanya.

Turawa sun san wannan, har sun yi masa doka. Ƙa'idar man dizal ta Turai, EN 590, ta raba man gida-gida bisa sanyin da zai jure kafin ya toshe filta. A Jamus man bazara iyakarsa digiri sifili, amma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu dole gidajen mai su sayar da wanda zai kai digiri 20 ƙasa da sifili. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2012, da sanyi ya zarce wannan mizani a wasu yankunan Turai, motocin dizal sun yi ta zubewa a bakin hanya.

Sai dai kaki ba shi kaɗai ake zargi ba. Tankin da ya saba zama rabi yana yin raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasan mai, ya zama ƙanƙara tun kafin man hunturu ya fara daskarewa. Tsohon tiyon roba yana ƙagewa da sanyi, bakinsa ya saki, injin ya sha iska. Hita da batir kuwa, da ake yawan ɗora wa laifi, nasu aikin a wajen tayarwa ne. Motar da ta riga ta kama hanya ba su ne za su sare mata gwiwa ba. Don haka bakaniken kirki yakan fara da baki kafin sifana. A ina aka sha mai, kuma yaushe? Farat ɗaya ta mutu ko a hankali? Wane irin hayaƙi salansa ta fitar? Sannan ya kwance filta tun tana da sanyinta, ya juye abin da ke ciki a kwalba, ya ɗaga wa haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Kaki zai bayyana kamar man shanun da bai gama narkewa ba. In duk babu, ya haɗa tiyo mai garai-garai ya zuba ido ko zai ga kumfa na wucewa.

Daga ƙarshe ya share hannu ya ce wa mai mota, "Yallaɓai, sanyi ne." A nan maganar ta bar gareji ta shiga zauren malamai, domin a gaskiya bai ga sanyi yana aikata komai ba. Ya ga ma'aunin zafi ya sauka, ya ga kaki, ya ga mota ta tsaya. Igiyar da ta ɗaure ukun, wadda ya kira "shi ya jawo", ba ta fito a kwalbar ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tayar da wannan tambaya a mas'ala ta goma sha bakwai ta littafinsa Tahafutul Falasifa, da misalin wuta da auduga. Abin da ido ke gani, a cewarsa, shi ne ƙonewa ta faru a lokacin da wuta ta taɓa auduga. Ido bai nuna cewa wutar ce ta aikata ƙonewar ba. Mai aikatawa Allah ne, haɗuwar biyun kuwa al'ada ce da Ya gudanar, ba dole ce ta hankali ba. Ya san abin da za a jefe shi da shi, ya ma riga masu suka faɗa: in haka ne, mutum ya bar littafi a gida, ai sai ya dawo ya tarar ya rikiɗe ya zama yaro ko dabba. Amsarsa ita ce, maimaituwar abu sau da yawa tana kafa sani a zuciya cewa gobe ma haka zai gudana, ko da yake saɓaninsa ba gagararre ba ne.

Ibn Rushdi na Kurɗuba, da ya rasu a 1198, bai yarda ba. A raddinsa, Tahafutut Tahafut, ya tsaya a kan cewa sanin abu shi ne sanin sababinsa, wanda ya rushe sababi ya rushe ilimi gaba ɗaya. Ibn Taimiyya, da ya rasu a 1328, ya bi wata hanyar: wuta tana ƙonawa da gaske, da ƙarfin da Allah Ya sanya mata, kuma babu sababi ɗaya da ke cin gashin kansa ba tare da wasu sun taimaka masa, an kuma kawar da abin da zai hana shi ba.

Almajirin da ya zauna gaban malami a Kano ko Zinder ya gamu da wannan muhawara ko bai taɓa buɗe Gazali ba. Littattafan tauhidi na Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, musamman Ummul Barahin da sharhinsa, sun daɗe a zaurukan ƙasar Hausa. Sanusi ya raba hukunci uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an sha ganinsu tare, da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa. Da wuya a sami bayanin da ya dace da ilimin bakanike kamar wannan. Shi dai ya kwance filta ɗari, ya ga kaki a saba'in, ruwa a ashirin, sauran kuwa wani abu dabam. Saninsa na gaske ne, ana cin abinci da shi, amma ba irin sanin da ke cewa biyu da biyu huɗu ba ne.

Inda abin ke fitowa fili shi ne idan motar ta sauya ƙasa. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan na Turai suna ƙarewa a tashar Kwatano, su shigo Najeriya da Nijar da sunan 'yan Beljiyam. Hunturu ya kama, jaura na kaɗawa, motar ta yi sanyin jiki da safe, ƙarfinta ya ragu. Alama ɗaya ce da ta Jamus. Amma sanyin Kano da ke sa mutane kwana da rushi da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri goma, bai isa ya daskarar da gas ba. Abin da ya zo tare da shi, wato ƙura, ita ce ta cika filtar iska, injin ya rasa numfashi, salansa ta riƙa aman baƙin hayaƙi. Ko kuma gas ɗin bumburutu ne da ruwa da dauɗa a ciki. Sai direban da ke ratsa Tenere zuwa Bilma, inda daren Janairu kan kusanci sifili, shi ne zai iya haɗuwa da ciwon Turai na ainihi. Bakaniken Hamburg da ya ɗauki al'adar garinsu a matsayin dokar duniya zai ɓata yini a Kofar Ruwa ta Kano yana neman kakin da babu shi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan gida shi ne kishiyar wancan. Mota ta mutu a dajin Falgore da fasinja goma, direba ya ce tsautsayi ne, kowa ya amsa da Allah Ya kyauta, magana ta ƙare. Babu ƙarya a kalmar. Matsalar ita ce lokacin da aka faɗe ta: kafin a buɗe bonet, kafin wani ya tambayi rabon filtar da canji. Babu ɗaya cikin malaman nan huɗu da zai ba shi mafaka. Ibn Rushdi da Ibn Taimiyya za su ce ya yi watsi da sababin da Allah Ya halitta. Gazali da Sanusi za su ce ya yi watsi da al'adar da Allah Ya gudanar, wadda Ya bar ta a bayyane don a karanta. Saɓaninsu a kan me ke bayan labule ne, amma dukkansu sun yarda auduga ba a ajiye ta kusa da murhu.

Akwai ma abin da tsohuwar mota ke ƙara wa muhawarar, wanda ya fi kusa da ra'ayin Ibn Taimiyya. A wannan safiyar ta Janairu, motocin dizal dubbai sun bi hanyar cikin sanyi iri ɗaya, ba su tsaya ba. Wadda ta tsaya filtarta ta yi shekara biyu ba a taɓa ta ba, rabin ƙofofinta sun riga sun toshe da dauɗa, tankinta na da ragowar man Oktoba, kuma a waje ta kwana. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, wataƙila da ta kai gida. Sanyi ne ya zo a ƙarshe, shi ya sa aka kama shi, kamar yaron da aka tarar tsaye kusa da fasasshen tulu.

Bakaniken da ya gane haka ba ya tsayawa a kalmar farko. Yakan sa sabuwar filta, ya tsiyaye ruwan da ke gindinta, ya fitar da iska da ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, ya canja tiyon da ya ƙage. Ya gargaɗi mai mota cewa dabarar zuba kananzir a tanki, wadda tsofaffin injuna ke jurewa, tana lalata famfon na zamani. Sannan ya tura motar waje, ya bar ta ta kwana cikin sanyin, domin gwajin da aka yi a ɗaki mai ɗumi bai nuna komai ba. Da asuba ya fito da fitila a hannu, ya jira hasken hita ya mutu, ya murɗa makulli, ya hau hanya ya taka totur har ƙasa a kan tudu na farko.