Wanda Ba Shi Da Hanyar Gudu, Jarumi Ne?

A ƙasar Kiyako an yi wani tsohon soja wanda ya je yaƙin Bama cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kafin ya shiga soja bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Bunga na Gwaram ba.

A farkon 1945 Ingilishi suka riƙa ɗibar soja cikin ƙananan jiragen ruwa masu ƙofa a goshi, suna sauke su a gaɓar Arakan, a Kangau da Ruywa, don su tare wa Japan hanyar komawa kudu. Rannan shi ma aka ɗebe su. Ya ce da aka saki ƙofa sai ya ji shi cikin ruwa iya ƙirji, laka ta riƙe ƙafa, bindiga a ka, igwa tana ruri daga kan dutse.

In samari suka kira shi jarumi, sai ya ƙi. Yakan ce, "Wane jarumi? Teku a baya, saje a gefe, na bayana suna turo ni. Ina zan gudu?"

To, gaskiyarsa ke nan? Da alama. An ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Malamai ma ba su hukunta wanda aka tilasta kamar wanda ya yi da gangan, gama aiki da niyya yake. Wanda ba a zargi don tilas, yaya za a yabe shi dominta?

Amma akwai wurin da yakan wuce da sauri cikin labarin. Bayan ya fita ya laɓe gindin itace, sai ya waiwaya ya hangi wani ɗan dako, mutumin Gwaram, kaya sun danne shi cikin laka, ruwan teku yana ta hauhawa. Ya koma, ya yanke igiyar kayan, ya jawo shi. A nan saje bai umurce shi ba, ba wanda ya turo shi, ga maɓoya ya riga ya samu. Tsoro kuwa yana nan bai ragu ba. Wannan komawa ita ta cancanci sunan da samari ke ba shi, ko da yake su saukar farko suke yabo.

Shi dai bai yarda ba. Ya ce ai ya san uwar yaron. In ya komo gida shi kaɗai, da wane ido zai dube ta ran kasuwa?