Ko Aikinka Naka Ne Kai Kaɗai?

Ya kai mai karatu, ko kai malamin makaranta ne a Bungudu, ko kana koyon aikin jinya a makarantar lafiya ta Tsafe, lalle ka taɓa jin wannan magana, watakila ma daga bakinka ta fito: "Wannan ba aikina ba ne." Wani lokaci gaskiya ce, gama malamin da ya ɗauki allura bai iya ba, ɓarna zai yi. Amma sau da yawa girman kai ne ya sa rigar ladabi.

Ka tuna da abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Yara ƙanana suka dinga farfaɗiya suna mutuwa, har wajen 400. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka gane gubar dalma ce. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa, ƙurar kuwa tana sauka inda yara ke rarrafe, suna kai hannu baki.

To, akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini. Amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro, sa'an nan a komar da shi tsakar gida mai guba. Sai an kankare ƙasar gidan an binne ta a rami, an zubo sabuwa. Wannan kuwa aikin masanan ƙasa ne da 'yan kwadago masu shebur. Su ma ba su shiga gidan mutum sai dagaci da liman sun yi magana da maigida, wanda niƙan nan ne abincinsa, ya yarda ya fitar da shi bayan gari. A Bagega, da kuɗin kwashe ƙasa ya makara, sai 2013 aka yi aikin, likita yana riƙe da magani yana jira, yara suna jira tare da shi. Wa ya fi wani a nan, mai digiri ko mai shebur?

Ni kam ban ce kowa ya bar sana'arsa ba. Likitan da ya ƙi ba da magani kafin lokaci, sanin aikinsa ne ya nuna masa iyakarsa, ya kuma nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sauran zancen yana hannunka, malam. Dalma takan taɓa ƙwaƙwalwa, yaron da ya tsira yakan yi nauyin fahimta shekara da shekaru. Kadan irinsa ya zo ajinka a Gusau, ba ya riƙe karatu, kada ka fara da bulala. Ka je gidansu, ka tambayi uwarsa inda aka haife shi da sana'ar ubansa, sa'an nan ka rubuta abin da ka gani, ka kai wa malamin asibiti da ƙafarka.