Hayaƙin da ya wuce gida arba'in

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba gardamar hayaƙi. A mazhabar Malikiyya, idan majemi ko mai gidan burodi ya zo ya kafa sana'a har wari ko hayaƙi ya addabi maƙwabta, alƙali na iya tashinsa. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta kan irin waɗannan shari'o'i. Wasu malaman kuma sun ce maƙwabtaka gida arba'in ce ta kowane ɓangare.

To idan cutar ta tsallaka teku fa?

A 1988 aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, a wani fili da ake biyan hayarsa dala 100 a wata. Gwamnatin Babangida ta kira jakadanta gida, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya, sannan aka zo aka kwashe gangunan. Da ƙarfi aka ci wannan shari'ar. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da irin wannan shara Afirka, amma hakan bai hana a zubar da ita a Abijan a 2006 ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne garin Arlit na Nijar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can, Faransa ta daɗe tana haskaka biranenta da makamashin nukiliyar da ake samu daga gare shi, yawancin 'yan Nijar kuwa ba su da lantarki. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, tulin tarkace mai tiriri, miliyoyin tan, aka bari a bayan gari, iska na kwasar ƙurarsa.

Masu fafutukar adalcin muhalli sukan kafa hujja da gundumar Warren ta Amurka, inda baƙar fata suka kwanta a kan titi a 1982 don tare motocin da ke kai ƙasa mai guba unguwarsu. Madalla da su. Sai dai su 'yan ƙasa ne, suna da ƙuri'a, suna da kotun da za su kai ƙara. Mutumin Arlit ƙuri'ar wa yake da ita a Faris? Shi ya sa ban yarda a ɗauko tsarinsu ɗungurungum a dasa mana ba. Ni a ganina cuta ce ke shata iyakar maƙwabtaka: duk wanda ƙurarka ta shiga ƙirjinsa yana da haƙƙi a wuyanka, ko akwai alƙali ko babu, kuma za a tambaye ka gobe ƙiyama.

Wannan hukunci bai tsallake mu ba. Masana'antun jima a Sharaɗa da Challawa sun shekara da shekaru suna sako baƙin ruwa cikin kogi, manoman rani na ba da shi ga latas da tumatir. Manoman nan kam ba sai an nemi biza ba kafin a je a ba su haƙƙinsu.