Haƙuri ko Sakaci?

Babu kalmar da muka fi faɗa wa maras lafiya kamar haƙuri. In muka je dubiya, mukan ce sannu, Allah shi sawwaƙe, a yi haƙuri. Tun muna yara muke jin manya suna cewa haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne. Amma ga wata tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu. A ce mutum biyu ne zaune a inuwa ɗaya, kowannensu da ciwo a ƙafa, kowannensu kuma ya ce haƙuri yake yi. Bayan shekara guda ɗaya ya koma gonarsa, ɗaya kuwa ya gurgunce. Shin abin da su biyun suka yi, duka sunansa haƙuri?

Domin mu amsa, bari mu ɗauki wani ciwo da ba kowa ya san shi ba, watau ƙarin jijiya a ƙafa.

Mene ne ƙarin jijiya?

A Hausa, jijiya sunan abu da yawa ne. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiya mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi. Akwai kuma wata fara mai kama da zare, wadda ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta kuma komo da labari. Da ita kake ɗaga ƙafa. Da ita kake jin ƙaya ta soke ka. Ta yi kama da wayar lantarki: zaruruwa a ciki, riga a waje.

Wani lokaci rigar nan takan yi tsiro, ya zama ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, a cinya ko bayan gwiwa ko kusa da idon sawu. A hankali yake girma, yakan yi shekaru. Alamarsa ita ce, in aka ƙwanƙwasa shi, sai mutum ya ji wani abu ya tsarga masa har yatsu, kamar lantarki ya ja shi.

Iri biyu aka fi gani. Na farko yana zaune a gefen zaruruwan, likita yakan tsaga rigar ya fitar da shi kamar yadda ake ɓare gyaɗa, jijiya ta tsira. Na biyu yakan cuɗanya da zaruruwan kamar ƙarangiya cikin auduga, fitar da shi ya fi wuya. Akwai mutanen da ke da irin na biyun da yawa a jiki, tare da tabo-tabo masu launin ƙasa a fata. Wannan gado ne, wani likitan Jamus ya bayyana shi a 1882, kuma ana samunsa ga wajen mutum 1 cikin 3,000. Ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko ta gaisawa, ba kuma jifa ba ne.

Mafi yawan waɗannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Amma kaɗan daga cikinsu sukan zama shi, musamman ga masu na gado.

Haƙurin da ba haƙuri ba

To, a ce manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Mirriya ya ga ƙullutun nan a bayan gwiwarsa. Ya ce bari a gama shuka. Aka gama shuka, ya ce bari a gama noma. Aka yi girbi, ya ce bari in je cin rani in dawo. In matarsa ta yi magana sai ya ce, “Ke dai bari, namiji da haƙuri aka san shi.” Shekara ta zagayo, abin ya ƙara girma, ya fara hana shi barci, takalmi ya fara zame masa ba ya ji.

Wannan mutum yana shan wahala, babu musu. Sai dai wahala kaɗai ba ta mai da zama haƙuri. In muka tona zuciyarsa, za mu tarar da tsoron wuƙar likita, da tsoron kashe kuɗi, da kunyar a ce wane ya kwanta. Waɗannan ba abin dariya ba ne, kowa yana da su. Kuɗin asibiti kuwa nauyi ne na gaske a kan talaka. Amma ya kamata a kira kowane abu da sunansa. Mutum in ya ce tsoro nake ji, ƴan'uwa za su raka shi. In ya ce ba ni da hali, dangi za su iya haɗa masa. In ya ce haƙuri nake yi, ya rufe bakin kowa, ciwon kuma yana ta aikinsa.

Daga Mirriya zuwa babban asibitin Damagaram kamar kilomita 18 ne. A garin Mirriya ma akwai asibiti inda za a duba, a rubuta takardar turawa gaba. Duk ƙullutun da ke girma da sauri, ko mai zafi da dare, ko wanda ya kai ƙwan kaza, ko wanda ya sa ƙafa ta fara mutuwa, ba na jira ba ne. Kuma kada a kai shi ga wanzami. Wanzami gwani ne a sana'arsa, amma wannan ba maruru ba ne da za a yi wa sakiya. Aska in ta yanke jijiyar, ƙafa ce ta tafi.

Bayan wuƙar likita

Yanzu a ce an yi aiki, an fitar da ƙarin, an ɗinke. Nan ne haƙuri na gaske yake farawa, domin warkewa biyu ce, ta waje da ta ciki.

Ta waje ba ta da nisa. Cikin mako 2 ko kusa da haka akan cire zare. A wannan lokaci ana son wurin ya zauna da tsabta, a bushe, a riƙa ɗora ƙafar bisa matashi. Kada a sa toka, ko garin magani, ko kashin shanu. In masassara ta zo, ko mugunya da wari, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, sai a koma asibiti ran nan.

Ta ciki ita ce mai nisa. In jijiyar matsuwa kawai ta yi, takan farfaɗo cikin makonni, ko wata 2 zuwa 3. In kuwa wasu zaruruwanta sun yanke, sai sun sake tsirowa daga wurin aikin, su bi hanya har inda suke zuwa da. Tafiyarsu a kwana guda wajen milimita 1 ce, bai kai ƙwayar gero ba. Ku da kuka koyi lissafi, ku auna da kanku. Milimita 10 ne santimita 1. In tsakanin wurin aikin da tafin ƙafa santimita 30 ne, milimita 300 ke nan, watau kwana 300, wajen wata 10. Gero yakan nuna cikin wata 3. Ashe sai a shuka gero a girbe, a yi rani, jijiya ba ta iso ba tukuna. Babu allura ko layar da za ta sa ta gudu.

Matan Mirriya masu ginin tukwane sun san irin wannan. Tukunya in aka gina ta, sai an bar ta ta bushe kafin a kai ta wuta. Wadda aka gasa da ɗanyenta fashewa take yi. Haka wanda ya ga fata ta haɗe ya ɗauki hauya tun likita bai ba shi izini ba. Sauri ya haifi nawa.

Amma kada a ɗauka cewa jiran nan kwanciya ce. Hausawa sun ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. To, mai dafa dutse ba ya barin wuta ta mutu, kullum yana iza itace. Ga itacen mai jinyar jijiya. Kowace safiya da maraice zai motsa idon sawu da yatsu, in ba su motsuwa da kansu a motsa masa da hannu, don kada gaɓa ta sandare kafin jijiya ta iso. In ƙafar tana faɗuwa yana jan ta, zai sa abin riƙe ƙafa da likita ya ba shi. Zai yi tafiya kaɗan da sanda, yau zuwa zaure, jibi zuwa bakin garka. Ba zai taka ƙasa ba takalmi ba. Kowane maraice zai duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin ƙafar da ba ta ji ba ta kawo ƙara: ƙaya za ta shiga, rairayi mai zafi zai ƙona, wutar jin ɗumi da hunturu za ta gasa, mai ita bai sani ba sai miki ya buɗe. Zai ci wake, gyaɗa, nono, ƙwai da zogale gwargwadon samu, ya rabu da taba. Zai sha maganin da aka rubuta masa kawai, ya nisanci tramol na masu talla a kasuwa, wanda ke kama mutum ya zama bawansa.

Zai kuma koma asibiti ranar da aka sa masa, ko da yana jin sauƙi. Abin da aka cire akan kai shi a duba da madubin likita, a gane irinsa. In ya zamana mugu ne, akwai sauran magani, kuma tun 2021 akwai na'urar ƙona ciwon daji da haske a Yamai. Wanda bai koma ya ji sakamako ba, ya bar aikinsa rabi.

Akwai wani abu mai ƙarfafa zuciya. Mai jinya yakan ji kamar kiyashi na tafiya cikin ƙafarsa, har ya tsorata. Sau da yawa wannan alamar tsiro ce. A 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, wani likitan Faransa mai suna Tinel ya lura da haka a jikin sojojin da suka ji rauni. In aka bi hanyar jijiya ana ƙwanƙwasawa a hankali, inda mutum ya ji tsargawar, nan sabon tsiro ya kai. Wata bayan wata wurin yana gangarowa ƙasa. Har yau likitoci suna yin wannan gwaji.

Wani zai ce, ai lafiya ta Allah ce, abin da ya rubuta shi zai faru, mene ne na wannan ɗawainiya? Haka ne, ruwan sama ma na Allah ne. Amma wa ya taɓa ganin manomin da ya ƙi noman farko ya ce yana jiran rabo? Ba ka da ikon sa jijiya ta tsiro, kamar yadda ba ka da ikon sa hadari ya haɗu. Kiyaye ƙafar kafin ta tsiro kuwa, wannan a hannunka yake.

Rabon dangi da maƙwabta

Haƙurin nan ba na mai ciwo ba ne shi kaɗai. A makon farko gida yakan cika da masu dubiya, wannan da fura, wannan da goro. Bayan wata guda ƙafa ta ɗauke. Tabo ya bushe, kowa ya ce wane ya warke. Daga nan sai maganganu su fara: ga shi da ƙiba yana zaune, ƙannensa suna noma. Ciwon da ido ba ya gani, da wuya a tausaya wa mai shi. Wannan zargi ne ke tura mutane gona tun lokaci bai yi ba.

Abin ya fi tsanani ga mace. Namiji in ya kwanta, akan dafa a kai masa. Mace kuwa turmi yana jiranta, rijiya tana jiranta, ga goyo. In mai gida da abokiyar zama da surukai ba su ɗauke mata daka da ɗiban ruwa ba, to, cewa da ita “yi haƙuri” ba ta da amfani. Wanda ya ce wa maras lafiya ya yi haƙuri, ya ɗauki alkawarin zai taya shi. A yi masa gayya a gonarsa. A ba shi aikin zaune, kamar tufkar igiya, saƙar tabarma ko tsaron tebur, don ya san har yanzu gida yana bukatarsa. A samu yaro ɗaya mai motsa masa ƙafa safe da yamma. Wanda ya iya karatu ya riƙe masa takardun asibiti, ya tuna masa ranar komawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura magana guda, mai ɗaci. Wani zai yi duk abin da aka ce, shekara ta wuce, har biyu, wani yanki na ƙafar bai dawo ba. Haka yakan faru, musamman in ƙarin ya daɗe ko ya ci jijiya da yawa. Shin haƙurinsa ya tafi a banza? A'a. Ƙafar da aka kiyaye, ko da ba ta ji sosai, tana kai mai ita masallaci, tana kai shi kasuwar Mirriya ran Lahadi. Wadda aka yi wa sakaci ita ce ke sandarewa, ta yi miki, har wani lokaci a yanke ta. Kuma ɗingishi ba ya rage wa mutum daraja. Karɓar abin da ya saura bayan an yi iyakar ƙoƙari, shi ma haƙuri ne, kuma shi ne mafi nauyi.

Jama'a, ga ma'aunin da za mu riƙe. In ka ga kanka zaune kana cewa haƙuri nake yi, tambayi kanka: akwai abin da ya kamata in yi yau wanda ban yi ba? In akwai, tashi ka yi, zamanka sakaci ne. In babu, to zauna da kwanciyar rai, haƙuri kake yi. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku tattauna a ajinku na yaƙi da jahilci. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi ba masu jinyarsu juriya.