Lauya Da Kakin Soja

A ƙasar Amurka akwai waɗansu sojoji da ake kira sojojin ko-ta-kwana. Ba a bariki suke zaune ba, kowa yana gidansa yana sana'arsa, wani direba, wani malamin makaranta, wani likita. Amma kowane wata sukan ba da Asabar da Lahadi guda su tafi horo, kowace shekara kuma su yi mako biyu a sansani. In yaƙi ya tashi, takarda ta iso, sai su ajiye kome su tafi. Haka aka yi bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka kwashi dubbai zuwa Afganistan, daga 2003 kuma zuwa Iraƙi, waɗansu har shekara guda ba su ga gida ba.

To, a cikinsu har da lauyoyi, kuma a kansu nake so mu yi tunani. A manyan birane irin su New York akwai kamfanonin lauyoyi masu ɗauke da lauya ɗari-ɗari, waɗansu ma fiye da dubu. Hajarsu ita ce lokaci. Lauya yakan rubuta kowane minti 6 da ya ɓatar a kan aikin mai shari'a, a biya kamfani kuɗinsa. A kamfanoni da yawa ana son ƙaramin lauya ya kawo wajen awa 2,000 a shekara, watau awa 40 kowane mako har mako 50, ban da aikin da ba a biya. Sai ya yi shekara 8 ko 10 a haka kafin a duba ko ya isa a ba shi hannun jari ya zama cikin masu kamfani.

Yanzu mai karatu ya yi lissafi. Kwana 2 sau 12, kwana 24 ke nan. A ƙara 14, sun zama 38. Lauyan da yake soja ya rasa kwana 38 kowace shekara, waɗanda abokan takararsa ko dai su huta a cikinsu, ko su ƙara awoyinsu. Wannan fa a lokacin zaman lafiya.

Wani zai ce, "Ai taura biyu ba ta taunuwa. Wa ya aike shi? Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja da tilas, shi ya kai kansa." Maganar nan tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Mutumin da ya kawo shari'arsa ya ba lauya amana, ya tona masa asirinsa, wataƙila dukiyarsa duka tana rataye da ita. In lauya ya tafi ana saura mako guda a shiga kotu, wa ya cutu? Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau abokin aiki. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san in akawu ɗaya ya tafi, littattafansa ba su rubuta kansu, a teburin maƙwabcinsa suke sauka. Shi zai kwana a ofis, ba kuwa wanda zai rataya masa lambar girma.

Amma ni ina ganin mai wannan magana ya manta abu guda. Malamanmu sun raba farilla kashi biyu, akwai wadda take kan kowane mutum, akwai kuma wadda in waɗansu sun yi ta an ɗauke wa sauran, kamar sallar gawa. Tsaron ƙasa, a kowace al'umma, ya yi kama da ta biyun. Dalilin da ya sa ba a zo an kama sauran lauyoyin nan an sa musu kaki ba shi ne an sami waɗanda suka miƙa kansu. Ashe ke nan sojan ya riga ya ɗauki kayan abokin aikinsa tun kafin abokin ya ɗauki nasa. Ban ce kowane yaƙi da aka tura su daidai ne ba, wannan wata magana ce dabam, kuma masu mulki za a tambaya.

Hukuma ta gane haka, ta yi doka a 1994. Dokar ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki ko a danne masa ci gaba don yana soja. In ya tafi ya komo, muddin jimlar tafiyarsa ba ta wuce shekara 5 ba, dole a mai da shi, kuma ba inda ya bari ba, sai inda da ya kai in da bai tafi ba. Babbar Kotun ƙasar ta faɗi wannan ƙa'ida tun 1946, a shari'ar wani mai walda, Fishgold, ko da yake shi bai ci shari'ar ba. Wanda ya yi fiye da kwana 180 yana da kwana 90 ya nemi komowa, kuma ba a korarsa cikin shekara guda sai da laifi.

Sai dai doka tana da iyaka. Ba ta tilasta wa kamfani ya biya albashi lokacin da mutum ba ya nan ba, ko da yake waɗansu kamfanoni, don mutunci, sukan cika masa abin da ke tsakanin albashin soja da nasu. Ba ta kuma iya hana mai shari'a ya saba da wani lauya. Ranar da manya suka rufe ƙofa suna zaɓen wanda za a ba hannun jari, ba wanda zai ce, "Mun ƙi shi don soja ne." Sai dai a ce, "Awoyinsa sun yi kaɗan." Ina alƙalin da zai shiga zuciya ya gano gaskiyar wannan?

Saboda haka abin ya koma ga halin mutane. Shi lauyan, haƙƙin da ke kansa shi ne kada ya ɓoye sojancinsa ranar da ake ɗaukarsa, ko da doka ba ta ce sai ya faɗa ba. Ya ba da ranakun horonsa tun farkon shekara, kowace shari'a kuma ya sa wani ya san cikinta kamar shi. Kada ya mai da kaki mafaka, kuma in abokinsa ya bukaci tafiya, shi ya fara miƙa hannu. Su kuwa manyan kamfani, in za su auna shi, su cire kwanakin da ƙasa ta ɗauka kafin su ƙirga awoyinsa, wanda ya riƙe masa aiki kuma a rubuta masa wannan a cikin nasa lissafi.

Duk da haka ba zan ruɗi kowa ba. Ko an yi wannan duka, mai yiwuwa ne sa'ansa da suka fara aiki rana ɗaya ya riga shi samun hannun jari da shekara guda ko biyu, kuma ba wanda ya zalunce shi. Ya kamata ya san haka, shi da matarsa, tun kafin ya sa hannu a takardar soja.